Mayar da alƙaluman ruwan sama sauti: TwoTone, Sonic Pi, Python ko Audacity?

Jadawalin da aka zana a takarda ba ya shiga rediyo, ba ya amfanar ɗalibi makaho, kuma manomin da bai saba da shi ba kallo ɗaya zai yi masa ya kawar da kai. Amma lambobin da ke cikinsa ana iya sa kwamfuta ta rera su. Kowace lamba ta zama amo guda, babba ta fito da siririn sauti, ƙarama ta fito da kakkaura, a jera su bisa lokaci. Ruwan saman Birnin Kebbi ko Gusau na shekara 40, wata-wata, amo 480 ne. In ana buga huɗu a daƙiƙa, minti biyu cif sun ƙare. A cikinsu kunne zai kama shirun rani da ke dawowa kowace shekara, hawan sauti zuwa Agusta, da shekarar da hawan ya tsaya a rabin hanya.

Dabarar ta daɗe. A ɗakin tiyata, na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa sautinta yana sauka idan iskar oksijin ta ragu a jininsa, likita ya ji ba tare da ya ɗaga kai ba. Masu binciken fannin sun fara taronsu na duniya, ICAD, a 1992. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya, wadda ta tashi daga karkarwa 35 zuwa 250 a daƙiƙa, daidai inda kunnen mutum ke ji. Hukumar NASA ta soma fitar da sautukan bayanan na'urarta Chandra a 2020. Wanda Díaz-Merced, masaniyar taurari 'yar Puerto Rico da ta rasa ganinta, da kunne ta ci gaba da bincikenta.

Manhajojin da za mu gwama a nan duk kyauta ne. Abin da ya fi raba su, a ganinmu, shi ne wa ke yanke hukuncin wace lamba za ta zama wane sauti. A wasu, manhajar ce ke yanke maka ba tare da ta gaya maka ba. A wasu kuma kai za ka rubuta da hannunka. Sai kuma abubuwan da kowa a Kebbi da Zamfara ya sani: wutar NEPA, kuɗin data, da cewa yawancin masu sauraro a ƙaramar lasifikar waya za su ji aikin.

Lambobin tukuna

Awon da aka yi a ƙasa da ma'aunin ruwa, irin na hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko na ofisoshin aikin gona, shi ya fi kusa da gaskiyar wuri, sai dai littafin da ake cikawa da hannu ba ya rasa ranakun da aka tsallake. Wanda bai samu wannan ba yana da rumbuna biyu a intanet. CHIRPS, na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, yana haɗa awon tauraron ɗan adam da na tashoshin ƙasa, ya fara daga 1981, kuma yana raba taswira gida-gida, kowane gida da awonsa ɗaya, kusan kilomita 5 a kowane gefe. NASA POWER ya fi sauƙin saukewa: ka sa lambobin wurin a taswira (latitud da longitud), misali 12.45 da 4.20 na Birnin Kebbi ko 12.16 da 6.66 na Gusau, ka zaɓi shekaru, ya ba ka fayil ɗin CSV, wato jerin lambobi da Excel ke iya buɗewa. Amma gidajensa sun haura kilomita 50 a kowane gefe, don haka garuruwa biyu makusanta kamar Birnin Kebbi da Kalgo suna iya faɗawa gida ɗaya, su ba ka waƙa iri ɗaya sak.

Fayil ɗin POWER yana da tarkuna da suka kamata a sani. Yana farawa da layukan bayani da dole a goge kafin kowace manhaja ta karanta shi. Inda babu awo yakan rubuta -999, kuma wannan lamba guda ɗaya ta isa ta lalata aikin gaba ɗaya: manhaja za ta ɗauke ta a matsayin mafi ƙanƙanta, ta matse sauran lambobin na gaskiya a can sama, duk su fito kusan da amo ɗaya. Awon ruwa mai suna PRECTOTCORR kuwa da milimita a rana yake zuwa, ko da ka nemi na wata-wata, sai ka ninka da kwanakin watan kafin ka samu jimla. Sannan da yake lissafin kwamfuta ne ke samar da shi, yakan yayyafa 0.2 ko 0.4 a ranakun da ko ɗigo bai sauka ba. A mayar da duk abin da bai kai milimita 1 ba zuwa sifili, domin wannan ce iyakar da masana yanayi suka saba amfani da ita wajen ƙirga ranar ruwa.

Zaɓin tazarar lokaci ya fi zaɓin manhaja nauyi. Abin da ke kashe gero da dawa bayan shuka shi ne ruwa ya ɗauke na sati biyu ko uku a Yuni ko farkon Yuli. Jimlar wata tana ɓoye wannan, don milimita 120 na Yuni suna iya sauka cikin kwana uku, sauran watan rana ta yi ta dukan shuka. Awon kwana goma-goma ya fi tona shi: kashi 36 a shekara, 1,440 a shekara 40, in ana buga takwas a daƙiƙa minti uku. Awon kullum na shekara 40 kuwa amo 14,600 ne, ko da goma a daƙiƙa ya haura minti 24, babu mai zama ya saurara. Awon kullum na damina ɗaya ne: 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba kwana 184 ne, da shida a daƙiƙa rabin minti.

Wani abu kuma ga mutanen fadama. Kada a sa rai za a ji ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi cikin ruwan saman gari ɗaya, domin yawancin ruwan daga sama yake malalowa ta kogin Rima da kogin Sakkwato. Mai son jin ambaliya tsayin ruwan kogi zai nema, irin awon da NIHSA, hukumar da ke auna ruwan koguna, ke yi. A kogin Neja wajen Yawuri zai ji hawa biyu a shekara: na damina wajen Satumba, da wanda ke isowa cikin hunturu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini.

Hukunci uku da ba a bar wa manhaja

Na farko ƙasa da rufi. Idan ka rera Gusau daban, Yawuri daban, kowane fayil manhaja ta ɗauki mafi yawan ruwansa ta ba shi amo mafi tsini, to garuruwan biyu za su kai kololuwa ɗaya ko da ɗaya ya fi ɗaya ruwa nesa ba kusa ba. Kamar a auna hatsi da tiya biyu masu girma daban ne, a ce kowa ya samu tiya goma. Dole a kafa rufi ɗaya ga kowa, a ce milimita 330 a wata, ko duk lambar da ta haura mafi girma a cikin dukkan fayilolin.

Na biyu sifili da rashin awo. A ƙasarmu wata biyar ko fiye na shekara ba ruwa, don haka sifili ya fi kowace lamba yawa. Shiru ya dace da shi, kunne ya huta, ya kuma gane rani. Amma ranar da ba a yi awo ba daban take da ranar da ba a yi ruwa ba. Idan duka biyun shiru ne, littafin da aka tsallake sati biyu a Yuli zai yi sauti kamar fari. A ba rashin awo alamarsa, ɗan ƙwanƙwasa gajere mara kaifi, a kuma sanar da masu sauraro tun farko.

Na uku tsani, wato jerin amon da za a raba lambobin a kai. Tsarin MIDI, wanda kwamfuta ke rubuta kiɗa da shi, yana ba kowane amo lamba daga 0 zuwa 127. Lamba 69 karkarwa 440 ce a daƙiƙa, 60 kusan 262, kuma duk hawa 12 karkarwar tana ninkuwa biyu, abin da ake kira oktaf. Kunne da ninki yake auna tazara, shi ya sa 220 zuwa 440 da 440 zuwa 880 suke masa tazara ɗaya. Wanda ya ɗaura milimita kai tsaye a kan yawan karkarwa zai ga bambancin ƙananan lambobi ya kumbura, na manya ya shanye. A ɗaura a kan lambobin MIDI. Daga nan sai ciniki tsakanin daɗi da daidaito. Tsani mai hawa biyar, 60, 63, 65, 67, 70, 72 har zuwa 84, yana da daɗin ji, kuma kunnen da ya saba da waƙoƙin gargajiya ba ya baƙunta da shi. Amma a oktaf biyu amo 11 kawai gare shi, wato kowane hawa milimita 33 ne in rufi 330 ne. Wata mai 150 da wata mai 175 amo ɗaya za su ba ka. Tsani mai hawa 12 yana ba da amo 25, kusan milimita 14 kowanne, sai dai ba shi da daɗi kamar na farko. Don rediyo a ɗauki mai hawa biyar. Don aji ko bincike a ɗauki mai 12, ko a bar sautin ya zame ba tare da matakala ba.

Awon kullum yana buƙatar ƙarin gyara. Yawancin ranakun ruwa 'yan milimita ne, sai jefi-jefi a yi mamakon milimita 100. In aka raba kai tsaye, ranar milimita 4 kashi huɗu cikin ɗari ne kawai na tsanin, duk ƙananan ruwa su taru a amo na ƙasa. A ɗauki saiwar lamba da umarnin SQRT na Excel: 4 ta koma 2, 100 ta koma 10, ranar milimita 4 ta hau kashi ashirin cikin ɗari. A faɗa wa masu sauraro an yi haka.

TwoTone da 'yar uwarta

TwoTone ta fito a 2019, kamfanin Datavized ya gina ta da tallafin Google News Initiative, kuma 'yan jarida aka nufa da ita. A burauza take aiki, ba a girka komai. Ka loda fayil ɗin Excel ko CSV, ka zaɓi layin tsaye da za a rera, ka zaɓi abin kiɗa kamar piyano ko marimba, ka saita tsani, yawan oktaf da sauri. Tana ba ka damar naɗar muryarka a kan sautin, sannan ka sauke MP3. Wanda fayil ɗinsa ke da tsabta zai gama a zama ɗaya, ba tare da ya rubuta layin umarni ko ɗaya ba.

Iyakarta layuka 2,000 ne. Awon kwana goma-goma na shekara 40 ya shiga, awon kullum kuwa shekara biyar da rabi kawai take ɗauka. Babban rauninta shi ne hukunci na farko: ita ke zaɓar ƙasa da rufi daga kowane layin tsaye. Akwai dabarar kewaye wannan. Ka ƙara layi ɗaya a farkon fayil, ka rubuta 330 a ƙarƙashin kowane gari. Yanzu rufin kowa ɗaya ne, kuma amon farko da za a ji shi ne na rufi, mai gabatarwa ya ce ga sautin milimita 330. Ƙasa ba ta buƙatar gyara a ruwan sama tunda kowane gari yana da sifili a rani, amma a awon zafi sai an ƙara layi biyu, na ƙasa da na sama. Sifili kuma zai fito da amo mafi kauri maimakon shiru, sai an yi amfani da matatar da ke hana amo fita idan lamba ba ta kai wata iyaka ba. Kalangu ko goge babu su a cikinta.

Highcharts Sonification Studio, wadda kamfanin Highsoft na Norway ya yi tare da masu bincike na Georgia Tech, ita ma a burauza take. Fifikonta shi ne tana zana jadawalin a allo tana rera shi a lokaci ɗaya, kuma an gina ta da tunanin masu amfani da manhajar karanta allo. Ajin da ya haɗa masu gani da makafi ya fi dacewa da ita. Su biyun suna buƙatar intanet kafin su buɗe, kuma a allon waya maɓallansu suna cunkushewa, kwamfuta ta fi.

Sonic Pi

Sam Aaron ya ƙirƙiro Sonic Pi a Jami'ar Cambridge don koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Tana aiki a Windows, Mac da Linux, babu ta a Android. Sau ɗaya ake sauke ta, a kwafa a filashi a raba wa kwamfutocin makaranta, daga nan ba ruwanta da intanet. Ga shekara ɗaya, da lambobin misali waɗanda ba awo na gaske ba ne:

```
ruwa = [0, 0, 0, 5, 40, 110, 190, 260, 150, 20, 0, 0]
tsani = scale(60, :minor_pentatonic, num_octaves: 2)
ruwa.each do |r|
  if r > 0
    play tsani[(r / 330.0 * 10).round], release: 0.2
  end
  sleep 0.25
end
```

Hukunce-hukuncen duk suna gaban ido: rufi 330, sifili shiru, tsani mai hawa biyar, amo huɗu a daƙiƙa. Ɗalibi ya canja lamba ɗaya ya danna, nan take ya ji abin da ya canja. Wannan ne ya sa muke fifita ta a kan sauran don koyarwa.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. In ka rubuta 330 ba 330.0 ba, yaren Ruby da take amfani da shi yana zubar da ragowar rabawa, 260 a raba da 330 ya zama sifili, duk watanni su fito da amo ɗaya. In wani wata ya haura rufi sosai, a ce 350, lissafin zai ba da 11, alhali tsanin a 10 ya ƙare. Sonic Pi ba za ta yi ƙorafi ba, zagayowa za ta yi ta buga amo na farko, watan da ya fi kowane ruwa ya yi sauti kamar yayyafi. Wannan kuskuren ya fi kowane haɗari tunda babu saƙon gargaɗi. Lambar -999 kuma za ta wuce shiru kamar rani a wannan rubutun, sai an ƙara mata sharaɗi nata da zai buga ƙwanƙwasa. Idan daga fayil ɗin CSV aka karanto lambobin, a matsayin rubutu suke zuwa, sai an bi kowace da to_f ta koma lamba. Mai son sauti mara matakala ya rubuta play 60 + r / 330.0 * 24, domin manhajar tana karɓar lamba mai ɗigo kamar 67.4.

Abin da ba za a samu cikin sauƙi a sauran ba shi ne sautin gida. Kalangu abin kiɗa ne da kaifinsa ke hawa da sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse igiyoyinsa a hammata, kuma mutanenmu sun saba sauraron wannan hawa da sauka don su fahimci abin da ganga ke faɗa. Ka nemi makaɗi, da izininsa da haƙƙinsa, ka naɗi bugu ɗaya tak a wuri mara hayaniya, ka yanke shirun farkonsa a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka ajiye a fayil ɗin sauti na WAV. Umarnin sample zai buga shi, rpitch kuma zai ɗaga ko ya sauke shi. Da yake ta hanyar ƙara gudu yake ɗagawa, bugun yana gajarta in ya hau, yana tsawo in ya sauka, kuma in an wuce hawa shida ko bakwai ta kowane ɓangare ya daina kama da kalangu. Mai son oktaf biyu ya naɗi bugu uku, kakkaura, matsakaici da siriri, ya raba tsanin tsakaninsu.

Python

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ta Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero yana buƙatar abin da mai duba shi zai maimaita ya samu sakamako ɗaya. Nan Python, yaren rubuta umarnin kwamfuta, ta fi ƙarfi. Kundin pandas, wato tarin umarni da ake ƙara wa Python, yana goge -999, ya tara awon kullum zuwa kwana goma-goma, ya yi wa ƙananan hukumomi 21 na Kebbi ko 14 na Zamfara aiki iri ɗaya da rubutu ɗaya. Kundin MIDIUtil kuma yana rubuta fayil ɗin MIDI: umarnin addNote yana karɓar layi, tasha, lambar amo, lokacin farawa, tsawo da ƙarfi.

Lambar amo dole ta zama cikakkiya, in an ba shi 67.4 rubuta fayil zai tsaya da kuskure. Lokaci da bugu ake ƙirga shi, ba da daƙiƙa ba: a gudun bugu 120 a minti, bugu ɗaya rabin daƙiƙa ne. Tasha ta 9 a lissafin MIDIUtil ta ganguna ce, ta dace da alamar shigowar kowace Janairu, wadda ke taimaka wa mai sauraro ya san inda yake. Sannan fayil ɗin MIDI umarni ne kawai, ba sauti a cikinsa. Kowace waya da nata muryoyin take buga shi, wasu ma ba sa buɗe shi. Sai an bi da shi ta FluidSynth, LMMS ko MuseScore ya zama WAV ko MP3 kafin a raba. Jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI yana da kalimba, babu kalangu, kotso, goge ko molo. Wanda ya tsallake MIDI ya haɗa sautin da kansa da kundin numpy zai ji ƙas-ƙas a farko da ƙarshen kowane amo, saboda sautin yana yankewa farat ɗaya. Maganinsa a sa ƙarfin ya tashi a hankali cikin kashi 5 zuwa 10 na dubun daƙiƙa, ya kuma sauka haka.

Python kaɗai ce a cikin waɗannan ke aiki sosai a wayar Android ba tare da intanet ba, ta Pydroid 3 ko Termux, bayan an sauke kundayen. Mai sha'awar taurari yana da astronify, wanda cibiyar da ke kula da bayanan Hubble a Baltimore ta fitar don rera hasken taurari. Farashin duk wannan lokaci ne. Wanda bai taɓa rubuta umarni ba makonni zai yi kafin ya saba.

Audacity da Pure Data

Audacity wata hanya take bi daban. Ba ta ɗaura lamba a kan amo, lambobin kansu take mayarwa karkarwar lasifika, ta umarnin Sample Data Import, bayan an daidaita su tsakanin -1 da 1. A gudun da aka saba tana cin lamba 44,100 a daƙiƙa. Na'urar auna girgizar ƙasa mai awo 100 a daƙiƙa tana ba da lamba 360,000 a awa, wadda za ta zama sauti na daƙiƙa takwas, ƙasar da ke motsi a hankali ta shigo inda kunne ke ji. Lambobin ruwan sama 480 kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa za su ɗauka, ƙyas ɗaya. Don haka ga ruwa, zafi ko alƙaluman asibiti, ba ita ce mai rerawa ba. Amma duk wadda ka zaɓa, a Audacity za ka gama aikin: haɗa murya, yanke shiru, daidaita ƙarfi.

Pure Data ta Miller Puckette da SuperCollider ta James McCartney na awon da ke shigowa kai tsaye ne, misali ƙaramar kwamfutar Arduino da na'urar auna nisa ta HC-SR04 suna auna tsayin ruwa a tankin ban ruwa, sauti yana sauka in ruwa ya ja baya. Na'urar tana auna daga santimita 2 zuwa mita 4, kuma da gudun sauti a iska take lissafi. Gudun mita 343 ne a daƙiƙa a zafin digiri 20, kusan 355 a digiri 40, don haka a zafin bazara awon yana karkacewa da fiye da kashi uku cikin ɗari in ba a gyara lissafin ba. Mai fayil ɗin da ya riga ya cika ba ya buƙatar wahalar waɗannan biyun.

Kunnen da zai saurara

Lasifikar waya ba ta fitar da kakkauran sauti. Duk abin da ya yi ƙasa da karkarwa 250 ko makamancin haka yana dushewa, shi ya sa muka fara tsani daga 60. In ka fara daga 36 don ya yi daɗi a abin kunne, a waya ƙananan ruwa za su ɓace su zama kamar rani. Kada a ɗora ma'ana a kan ƙarfin sauti, domin ƙarar janareta ko babur ta isa ta shafe shi. Kada kuma a raba gari ɗaya dama ɗaya hagu, tunda yawancin rediyoyin hannu lasifika ɗaya gare su. A bambanta su da irin murya, kuma kada su wuce biyu a lokaci ɗaya. Ruwan sama da yawan masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata haɗi ne mai kyau, don ana jin na biyu yana biyo na farko a baya. Minti ɗaya na MP3 a ingancin 128 kbps kusan megabayit ɗaya ne, na WAV kusan goma, a WhatsApp na farkon za a tura.

Akwai makarantu da gidaje da dama, musamman na Islamiyya, da ke kauce wa kayan kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma aikin ba ya rasa komai in an girmama hakan. Sauti tsantsa irin na na'urar asibiti, wanda Sonic Pi ke bayarwa da use_synth :sine, ya wadatar. Ana kuma iya naɗar ɗigon ruwa a cikin kwano a yi amfani da shi kamar yadda aka yi da kalangu. Haka nan alƙaluman da suka shafi rayuka, irin na gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sauti tsantsa ya dace da su, ba tsani mai daɗi ba.

Ma'aikacin rediyo mai shiri ɗaya a gabansa ya ɗauki TwoTone, ya ƙara layin rufi, ya gama a Audacity. Malamin sakandare ko na kwalejin kimiyya irin ta Kaura Namoda ko Waziri Umaru, in akwai kwamfuta ko da guda ɗaya ce, Sonic Pi muke ba shi shawara, kuma ita za mu zaɓa in an ce a ɗauki ɗaya tak. In akwai makafi a ajin kuma akwai intanet, a haɗa da Highcharts. Mai bincike da garuruwa da yawa, ko wanda waya kawai gare shi kuma yana da haƙurin koyo, Python.

Kafin a saki kowane sauti a gwada shi. A ɗauki damina biyu, ɗaya wadda ruwa ya ɗauke bayan shuka, ɗaya lafiyayya, a fara da daƙiƙa goma na bayani: ga sautin ruwa kaɗan, ga na rufi, ga alamar rashin awo. A kunna wa mutum biyar ko shida a lasifikar waya, ba tare da an gaya musu shekarun ba, a tambaye su wacce ce aka yi fari. In yawancinsu ba su gane ba, a rage gudu zuwa amo huɗu a daƙiƙa, in bai isa ba a cire murya ta biyu, in har yanzu da saura a koma tsani mai hawa 12 a sake kunnawa.